Lallashi

Bindigar Baba Gonda tana cin hagu.
Duk Sura Bildi an san haka,
har zabin Baban Rafi sun sani.
Shekara talatin da ɗoriya
yana auna dama da nama, taƙi guda,
harsashi ya karkato ya iske rabonsa.

Ni ne ɗan da bai gaji daji ba.
Baƙin mai na gada, da tsumma,
a garejin Ɗan Jimo, kan hanyar Ɗan Isa,
inda nake kwance cikin babur in mayar.

Ran da ya jingine ta a zaure ya fita alwala
na ɗauka na kanne ido.
Can a bakinta, ɗan ƙarfen saiti,
wanda yake kira ƙwayar gero,
ya gusa daga gurbinsa
kamar haƙorin da ya gamu da tsakuwa a shinkafa.
Na ce ko guduma? A'a.
Guduma ba ta san kaɗan ba.

Daren Laraba, bayan an ja ƙofar gareji,
na tone tarkacen bayan rumfa,
na fito da guntun sifirin na wata akwalar mota.
Nomau maƙeri ya zuga, na riƙe awartaki,
muka lanƙwasa shi yana ja wur
har ya yi kamar hannun da ya shaƙi wuyan tulu.
Na huda gefe, na ɗaura noti,
na zura doguwar ƙusa mai zare.
A bakinta na liƙa dala guda,
irin wadda ko ɓarin goro ba ta saya yanzu,
don kada ƙarfe ya ciji ƙarfe.

Zarto ya ci fatar babban yatsana.
Sau biyu Cima tana aiko yaro:
tuwo ya huce, miya ta yi fata,
in gari ya waye a can, in kwana can.

Abin ba shi da suna a kasuwa.
Nomau ya juya shi a tafin hannu, ya tofar da goro,
ya ce a kira shi Lallashi.

Asabar da hantsi muka gangara gulbi.
Ruwa ya daɗe da tafiya, sai yashi
da masu bugun tubali can nesa.
Na dasa gwangwanin tumatir a gindin gaɓa,
na maƙala Lallashi, na murza,
rabin juyi, sai rabin rabi,
ina jin ƙwayar geron tana matsawa
kamar jakin da aka yi wa magana mai daɗi.
Na harba.
Gwangwani ya yi tsalle ya faɗi da huda a cibiya.

Na miƙa wa Baba ina haɗiye murmushi.

Ya durƙusa, ya dafa kunci, ya ja.
Yashi ya tashi dama da gwangwani, taƙi guda.
Ya sake. Nan dai.
Na uku ma nan,
ga harsashi kowane kuɗin tiyar gero.

Ya daɗe yana shafa kotar da babban yatsa.
Ya ce, ita ka lallasa, ni fa?
Na san ƙaryarta, ta san tawa,
a kan haka muka ci da ku.

Sai na sauya wa Lallashi gefe.
Ashe karkata ma da awonta:
harsashi biyar muka ƙona
kafin na gano inda kuskuren yake zaune da,
na mayar da shi ɗakinsa.

Yanzu Lallashi na rataye a ƙusar gareji,
wani lokaci ina matse tiyon mai da shi.
Jiya da almuru Baba ya shigo da zabi biyu,
ya ajiye gaban Cima, bai dube ni ba.
Sai da ya kai ƙofa ya ce,
ɗaya na Nomau ne.